Daga Voltron na NTA zuwa Super Robot Wars

Duk wanda ya yi yarinta a ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 a garuruwanmu ya san Voltron, ko da kuwa gidansu babu talabijin. Mu a layinmu gida ɗaya ne ke da ita, da yamma idan aka tashe mu daga Islamiyya da gudu muke zuwa mu zube a tabarma a tsakar gidan, wani ko allonsa bai ajiye ba. Zakuna biyar na ƙarfe, baƙi da ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, a yi ta faɗa da dodo yana watsar da su, can sai su haɗe su zama ƙato guda, ya haɗa hannayensa biyu ya zaro takobi mai walƙiya, ya raba dodon nan gida biyu. Kullum haka ake yi, mun san haka za a yi, amma wallahi duk ranar da aka zo wurin zaro takobin nan sai tsakar gidan ta kaure da ihu har matar gidan ta leƙo ta ce ku yi a hankali jariri na barci. Har yau a Najeriya idan mutum ya cika shiga faɗan da ba nasa ba yana kare wani sai ka ji an ce masa Voltron, kun ga inda abin ya kai.

To ni wannan shauƙin bai taɓa barina ba, kwanciya kawai ya yi, kuma abin da ya tashe shi wani gem ne na Japan mai suna Super Robot Wars, wanda ke tara robot na katun ɗin talabijin daban-daban a wasa ɗaya, su can suna ce masa Super Robot Taisen. Shi nake so in ba ku labari yau, don na gaji da in ambace shi a majalisa a kalle ni kamar na yi wani yare.

Na fara haɗuwa da shi ne a wata Game Boy Advance da yayana ya sayo a gwanjo, irin mai ninkewar nan, ta zo da kaset uku a leda, biyu na tsere da faɗa da kowa ya sani, na ukun kuma an rubuta Original Generation a jiki. Yayana ya kunna ya ga rubutu ya yi yawa, mutane na ta surutu babu dambe, ya ce min ungo kai da ka iya zaman karatu. Daga baya na gane cewa wannan kaset ɗin yana cikin 'yan ƙalilan da aka taɓa fassarawa zuwa Turanci a wancan zamanin, ya fito a Japan a 2002, kamfanin Atlus ya fitar da shi a Amurka a 2006, kuma dalilin da ya sa aka iya fitar da shi waje shi ne babu robot ko ɗaya na katun ɗin talabijin a ciki, duk na kamfanin Banpresto ne da suka ƙirƙira da kansu, don haka babu rigimar haƙƙin mallaka. Lokacin ban san duk wannan ba, ni dai na ga wani jan robot mai ƙaho ɗaya a goshi da wata ƙatuwar ƙusa a hannun dama, sunansa Alteisen, matuƙinsa Kyosuke Nanbu, na ce shi ke nan na samu gida.

Bari in faɗi yadda ake buga shi don wanda bai taɓa gani ba. Ba irin gem ɗin da za ka riƙa dannan botin da sauri ba ne. Fili ne aka yanka gida-gida kamar na dara, robot ɗinka suna gefe, na abokan gaba suna gefe, kai za ka fara motsa naka ɗaya bayan ɗaya, kowa da iya takun da zai yi da iya nisan da makaminsa ke kaiwa, idan ka gama sai ka miƙa musu su ma su yi nasu. Kafin ka kai hari gem ɗin zai nuna maka kashi nawa cikin ɗari za ka samu mutumin, shi ma kashi nawa zai same ka idan ya rama. Idan su suka kawo maka hari kana da zaɓi uku, ka rama, ko ka kauce, ko ka tsaya ka kare duka ya rage zafi. Kowane robot yana da jini, yana da mai da manyan makamai ke sha, wasu makaman kuma harsashi ne da su ƙidayayye, ƙusar Alteisen ɗin nan harbi shida ce idan ta ƙare sai an yi maka lodi. Sannan akwai ƙasa, wani robot ɗin gwani ne a sama amma ka jefa shi ruwa ya zama kamar kaza, wani a sararin samaniya ne yake da ƙarfi. Kuma akwai babban jirgin yaƙi da ke ɗauke da ku, wanda idan aka tarwatsa shi an gama, sai ka sake stej ɗin daga farko.

Amma abubuwa biyu ne suka sa wasan ya bambanta da sauran masu kama da shi. Na farko shi ne himma, da Japananci kiryoku. Kowane matuƙi yana fara stej da 100, yana kashe abokan gaba tana hawa, ana dukansa ma tana hawa, iyakarta 150 a yawancin wasannin, kuma manyan makaman nan da kake ɗoki ba sa buɗewa sai ta kai 110 ko 120 ko 130. Kun gane abin da suka yi? Tambayar da muke yi muna yara, wai me ya sa Voltron ba zai zaro takobin tun farko ya huta ba, su sai suka mayar da ita doka, sai jini ya ɗau zafi tukuna. Ranar da na fahimci haka na daɗe ina murmushi ni kaɗai, don na san wanda ya tsara wannan abin shi ma ya taɓa zama a ƙasa gaban talabijin kamar mu.

Na biyu kuma su ne abin da suke kira seishin, wato wasu 'yan dabaru na zuciya da kowane matuƙi ke da su, da maki ƙidayayye da yake kashewa a kansu. Akwai nekketsu, ma'anarsa zafin jini, yana ninka dukan da za ka yi na gaba sau biyu. Akwai hirameki, harin da za a kawo maka na gaba ba zai taɓa ka ba ko na waye. Akwai hicchu, duk harin da ka kai a wannan zagayen ba kuskure. Shuchu yana ƙara maka kashi 30 a saiti da kaucewa. Teppeki, bangon ƙarfe, yana mayar da duk dukan da aka yi maka a zagayen kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai na sa'a mai ninka kuɗin da za ka samu idan ka kashe, wanda duk mai hankali yana ajiye shi sai bos. Abin daɗin shi ne dabarun nan suna bin halin mutum, matuƙi mai zafin kai za ka ga nasa duk na duka ne, mai sanyin hali mai kula da mutane za ka ga nasa na warkar da abokai ne da ƙarfafa musu gwiwa, sai ya zama lissafin ma labari yake ba ka.

A nan ne zan kawo Russel. A cikin Original Generation idan ka bi hanyar Kyosuke za ka hau jirgin Hiryu, a nan za a ba ka wani soja mai suna Russel Bergman, yana tuƙa Gespenst irin na gama-gari, wanda ake ƙerawa da yawa a raba wa kowa. Ba shi da wata baiwa, ba shi da wani sirri a tarihinsa, aikinsa kawai ya bi shugabarsa Katina mai masifa yana ba ta haƙuri yana tare mata duka. Duk wanda na taɓa karanta ra'ayinsa a intanet cewa yake a ajiye shi a benci da zarar manya sun iso. Ni kuwa tun stej ɗin da ya shiga gaban Weissritter, farin robot ɗin Excellen abokiyar Kyosuke, mai gudu amma fatarsa kamar takarda, ya karɓi harbin da da ya gama da ita, jininsa ya koma ja saura ƙiris amma ya tsaya, na ce wallahi ba zan ajiye yaron nan ba. Kuɗin da ya kamata in zuba wa manyan robot na riƙa yankowa ina ƙara masa sulke da jini, kaɗan-kaɗan kamar mai adashi, na ɗauko makamai masu kyau na ɗora masa tunda gem ɗin ya yarda a sauya wa ƙananan robot makami, idan an raunata abokin gaba saura kaɗan sai in bar masa ya ƙarasa don lebul ɗinsa ya hau.

Akwai wani dare da ba na mantawa, an ɗauke wuta tun magariba, zafi ya hana zaman ɗaki, ina kwance a kan tabarma a waje fitilar gem ɗin ta koma ja alamar caji ya kusa ƙarewa. Bos ne a gabana irin waɗanda idan jininsu ya sauka zuwa wani mataki sai su gudu da kuɗinsu da kayansu, dole sai ka lissafa ka tsayar da shi daf da matakin sannan ka yi masa duka ɗaya da zai wuce da shi gaba ɗaya. Na ɗauko biro ina lissafi a bayan kwalin maganin sauro, wane zai cire dubu uku, wane dubu biyu da ɗari biyar, kar wani ya yi dukan da ya wuce ƙima ya ɓata min tsari. Matsalar ita ce sai na ƙara zagaye ɗaya kafin himmar Kyosuke ta kai, kuma a zagayen nan bos ɗin zai yi harbi, makin hirameki kuma ya ƙare wa kusan kowa. Sai na jera su a jikin Russel, duk wanda aka nufa shi zai shiga gaba. Ya sha na farko, ya sha na biyu, ina riƙe da numfashi ina kallon layin jininsa yana ja baya, ya tsaya bai faɗi ba. Da zagaye ya dawo hannuna na kunna wa Kyosuke nekketsu da hicchu na tura shi. Na yi sebin, ko minti biyu ba a yi ba gem ɗin ta mutu a hannuna. Kyosuke ne ya yi dukan ƙarshe amma ni na san wanda ya ci min stej ɗin.

Wannan shi ne abin da nake ƙauna a Super Robot Wars, kuma shi ne abin da nake ganin mutane ba sa ganewa idan suka kalli bidiyonsa a YouTube suka ga wuta da walƙiya kawai. Gem ne da yake barinka ka riƙe wanda zuciyarka ta kwanta da shi, ko da lissafi ya ce ba shi da amfani. A cikin waɗanda ke da robot ɗin katun na Mazinger akwai Boss Borot, robot ɗin da aka haɗa da tarkacen bola, idan aka fasa shi kuɗin gyaransa 10 ne kacal alhali na wasu dubbai ne, amma akwai mutanen da suke zuba masa dukiyarsu har ya kai su ƙarshen wasa, kuma masu yin gem ɗin sun san da su, sun bar musu ƙofa.

Sai daga baya da na fara samun data na shiga bincike na gane ashe abin da na buga reshe ne kawai, uwar bishiyar tana can. Na farko ya fito ne ranar 20 ga Afrilu 1991 a Game Boy mai baƙi da fari, Banpresto suka fitar, Winkysoft suka haɗa shi, kuma gidaje uku ne a ciki, Mazinger Z da Getter Robo da Gundam, waɗanda har yau su ake ɗauka a matsayin duwatsun murhun wasan. A na farkon ma babu matuƙa, robot ɗin ne da kansu suke magana kamar mutane. A na biyu da ya fito a Famicom a ƙarshen wannan shekarar aka kawo matuƙa da labari, aka kuma kawo Masaki da Cybuster, ɗan gida na farko da kamfanin ya ƙirƙira. Daga nan abin ya yi ta tafiya, na huɗu a 1995, F a 1997 inda Evangelion ya fara shiga, Alpha a PlayStation a 2000 wanda a nan ne zanen faɗan ya fara motsi sosai kamar kana kallon katun ɗin, kuma Takanobu Terada shi ne furodusan da ya daɗe yana riƙe da ragamar abin shekara da shekaru.

Don ka ji daɗinsa sosai sai ka san gidaje biyu na robot ɗin Japan. Mazinger Z na Go Nagai ya fito a 1972, shi ya yaɗa tunanin mutum ya shiga cikin robot ya tuƙa shi kamar mota, an ce ma cunkoson motoci ya gani ya raya a ransa ina ma mota ta fito da ƙafafu ta tsallake sauran. Irin su Mazinger su ake kira super, guda ɗaya tak a duniya, wani tsohon masani ya ƙera ya bar wa jikansa, matuƙin yana kiran sunan makami da ƙarfi kafin ya harba, ba sa kaucewa duka sai dai su shanye. Sai 1979 Yoshiyuki Tomino ya zo da Gundam, ya ce a'a, robot kayan yaƙi ne kamar tanka, ana ƙera shi a masana'anta, harsashinsa na ƙarewa, kuma wanda kake harbi shi ma mutum ne mai uwa da uba. Da farko ma mutane ba su karɓe shi ba har aka yanke shi a kashi na 43, sai daga baya ya zama abin da ya zama. Irin waɗannan su ne real, jininsu kaɗan, amma kama su sai an sha wuya. To Super Robot Wars sai ya zuba su a tukunya ɗaya, Koji Kabuto matuƙin Mazinger mai ihu da Amuro Ray matuƙin Gundam mai tunani suna cin abinci a jirgi ɗaya, kai kuma aikinka ka san wa za ka tura gaba ya sha duka, wa za ka jefa tsakiyar taro ya yi ta zillewa yana ramawa. Getter kuma mutum uku ne a ciki da siffa uku, ta sama da ta ƙasa da ta ruwa, ga makin seishin na mutum uku, shi ya sa in dai kashe bos ne ba a rasa shi a gaba.

Yanzu ga inda Voltron ya dawo. Wata rana ina duba jerin katun ɗin da suka shiga wani da ake kira Super Robot Wars W, na Nintendo DS, wanda ya fito a 2007, sai na ga hoton zakunan nan biyar, amma an rubuta GoLion. Ashe Voltron ɗin da muka sani ba sunansa ke nan ba, asalinsa katun ne na kamfanin Toei na 1981, Amurkawa suka saya suka yanke wuraren jini da mutuwa suka sauya sunaye suka fitar a 1984, shi ne ya iso mana. Keith sunansa Akira Kogane, gimbiya Allura sunanta Fala, Zarkon kuma Daibazaal. Abin da ya fi taɓa ni, Sven matuƙin shuɗin zaki da aka ce mana ya ji ciwo an kai shi jinya wata duniya, a na asalin mutuwa ya yi, sunansa Shirogane, shi ya sa gimbiya ta karɓi zakin. Shekara nawa muna jiran ya warke.

Ban huta ba sai da na buga W, da Japananci, ba na jin ko kalma, na haddace wuraren botin da siffar rubutun, wannan mai kama da tsani shi ne kaza, wancan shi ne kaza, labarin kuma ina bi a wata fassara da wani bawan Allah ya rubuta ya saka a intanet kyauta. Ranar da GoLion ya shigo hannuna, himmarsa ta kai, na zaɓi takobin, ya haɗa hannaye a ɗan ƙaramin skirin ɗin nan hasken ya miƙe, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na tuna tabarmar nan da yaran da muke zama tare, wasu suna Legas wasu suna Kaduna, biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Kuma wannan karon ba kallo nake ba, ni na kawo shi wurin, ni na tara masa himmar.

Ba mu kaɗai ba ne da irin wannan. Na yi aiki da wani Bahaushen Sudan, iyayensa can aka haife su, wata rana ya ga Grendizer a laftof ɗina sai ya tsaya cak ya fara rera waƙar da Larabci tun daga farko. Su nasu Voltron ɗin ke nan. Shi ma na Go Nagai ne, na 1975, an fassara shi da Larabci a Labanan ya mamaye ƙasashen Larabawa, a Faransa kuma suna ce masa Goldorak tun 1978. Mutanen Filifin kuma Voltes V ne nasu. Kowa da ƙaton da ya rene shi, kuma kusan dukkansu sun taɓa shiga wannan gem ɗin.

Wani abin kuma da yake yi wanda ban ga mai yinsa kamar shi ba, shi ne ba wa mutane dama ta biyu. Katun ɗin robot na Japan, musamman na Tomino, ba sa jin tausayin kashe yara. A Zeta Gundam akwai Four, yarinyar da sojoji suka mayar makami suka goge mata tunani, ta mutu. A Gundam ZZ akwai Ple, ƙaramar yarinya, ita ma haka. A Nadesico akwai Gai, wanda ya fi kowa son robot a duniya, aka harbe shi tun farkon labari ba ma a fagen yaƙi ba. A Super Robot Wars da yawa idan ka bi sharuɗɗa, ka kai Kamille jarumin Zeta kusa da Four ko Judau jarumin ZZ kusa da Ple ka zaɓi lallashi maimakon harbi, ka jure tana dukanka ba ka ramawa, za ka iya fito da ita da rai ta shigo rundunarka. Sau da yawa sharuɗɗan ɓoyayyu ne kuma suna sa stej ɗin ya ƙara wuya, amma ban taɓa tsallakewa ba. Shinji na Evangelion ma, yaron da a labarinsa babu babba ko ɗaya da ya riƙe shi da kyau, a nan yana samun yayye irin su Koji da Amuro da Ryoma na Getter masu zama da shi su ji damuwarsa, sai ka ga yaro ya miƙe ya zama mutum. Wanda ya rubuta haka ya fahimci cewa abin da yaron ya rasa ba makami ba ne.

Har muryoyi suna riƙewa. Hirotaka Suzuoki, wanda ya yi muryar Banjo na Daitarn 3 da kyaftin Bright na Gundam, ya rasu a 2006, amma shekaru bayan haka idan Banjo ya fito faɗa muryarsa ce da aka naɗa tun yana raye kake ji. Ichiro Mizuki kuma da ya rera waƙar Mazinger, wanda masoya ke kira Aniki wato Yaya, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar JAM Project a 2000, masu yi wa gem ɗin waƙoƙin buɗewa, ya rasu a Disamba 2022, ranar da na ji na kunna stej ɗaya da Mazinger shi kaɗai a gaba.

Ba wai ba shi da aibu ba fa. Surutu yana da yawa, wani lokacin minti ashirin kana dannawa kafin a fara faɗa, kuma idan ba ka san katun ɗin ba sunaye za su yi maka yawa kamar ka shiga bikin dangin da ba naka ba. Sababbin kuma sun yi sauƙi da yawa, tun daga V na 2017 da X na 2018 da T na 2019, waɗanda suka zo da Turanci ta ɓangaren Asiya, idan ka zuba wa robot biyu kuɗi za su share fili su kaɗai, ba ka buƙatar biro da kwali. Wannan yana min ciwo gaskiya, don a wasan da babu haɗari mai tare wa wani duka ba shi da aiki, irin su Russel sai su zama ado. Shi ya sa nake sa shi a mataki mafi wuya in kuma hana kaina ƙara wa manyan ƙarfi. Sannan akwai tsada, Super Robot Wars 30 da ya fito a Oktoba 2021 don cikar shekara talatin shi ne na farko cikin manyan da aka saki a Steam, kasuwar sayen gem na kwamfuta a intanet, ga duniya baki ɗaya, na yi murna sosai, amma da ka juya kuɗinsa zuwa naira ga kuma ƙarin robot da ake sayarwa daban, sai da na jira ragi na wata da watanni kafin na iya saya. Amma na saya da kuɗina, don na daɗe ina jin nauyin mutanen nan.

Shi nake bugawa yanzu a laftof bayan isha'i. Ɗan yayata mai shekara goma sha ɗaya yana hutu a wurinmu, da farko daga bakin ƙofa yake leƙe, yanzu ya jawo kujera. Shekaranjiya muna stej ɗin da abokan gaba suka yi mana yawa, ya ga ina ta kashe kuɗi a kan wani ƙaramin robot mai gyara, sai ya ce, Kawu me ya sa ba za ka ba Mazinger ba, ai ya fi shi ƙarfi. Na ce masa bari ka gani. Da aka zagaye Mazinger mai ya ƙare jini ya yi ƙasa, ƙaramin nan ne ya kutsa ta tsakiyar wuta ya isa wurinsa ya gyara shi, kuma bai faɗi ba saboda sulken da na saya masa. Yaron bai ce komai ba. Jiya da na dawo daga masallaci na tarar ya buɗe nasa sabon wasan, ya kira ni ya ce Kawu zo ka nuna min inda ake ƙara sulke, na duba na ga wanda ya zaɓa, Ichinana ne, robot ɗin gama-gari na cikin Mazinger da ake ƙerawa da yawa a raba wa sojoji. Na jawo kujerar na zauna, na ce masa fara da jini tukuna, sulke ya biyo baya.